Na sa hannu na bar masa fansho: ko zan iya kai lauyata ƙara?

Assalamu alaikum Anti. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Don Allah a sakaya sunana.

A Kano aka ɗaura mana aure, na biyo shi Ingila da goyon fari. Likita ne a asibitin gwamnati. Shekara 17 muka yi tare, 'ya'yanmu uku. Duk tsawon zaman ban yi aikin albashi ba sai a shekara biyun ƙarshe da na fara aikin kula da tsofaffi na 'yan awoyi. Da zama ya ƙi daɗi ya sake ni, muka kuma bi ta kotu aka raba auren a hukumance. Shi ya kawo tsarin rabon dukiya: in riƙe gidan da muke ciki tare da ragowar bashin bankin da ke kansa, shi kuma ya riƙe fanshonsa da ajiyarsa, kowa ya kama gabansa, ba mai sake neman ko sisi a wajen wani. Na kai wa wata lauya. Sau biyu muka zauna da ita. Ta ce tunda ba mu yi musayar cikakken bayanin dukiya ba, ba za ta iya cewa rabon ya yi adalci ko bai yi ba. Ta ba ni wata takarda na sa hannu cewa na fahimci haka. Ni kuwa a lokacin Allah-Allah nake a gama, ko barci ba na iyawa. Alƙali ya amince. Yau shekara biyar da wata biyu ke nan.

Wata huɗu da suka wuce wata ƙawata da aurenta ya mutu ta gaya mini kotu ta ba ta kusan rabin fanshon mijinta. Na dawo gida na tono takarduna. A fom ɗin da muka cike wa kotu, ya rubuta darajar fanshonsa fam 430,000. Abin da ya rage a gidan idan an cire bashi bai wuce fam 110,000 ba a lokacin. Sannan akwai gidan da ya gina a Abuja, babu shi a fom ɗin, alhali na faɗa wa lauyar da bakina.

Yayana ya ce in bar kaza cikin gashinta, kai ƙara ba tarbiyyarmu ba ce. Ni kuma shekarata 46, bayana ya fara ciwo saboda ɗaga tsofaffi, ba ni da fanshon kirki. Anti, lauyar ce ta cuce ni ko ni na cuci kaina? Akwai abin da zan iya yi yanzu?

Maman Uku, daga arewacin Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya miki yaran.

Kafin komai ki ɗauko kalanda. Kin ce shekara biyar da wata biyu, kuma wannan jimlar ta fi duk abin da kika rubuta tayar mini da hankali. A Ingila da Wales dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara ta 1980 ta ba mutum shekara shida ya kai lauyansa kotu kan sakacin aiki. Idan suka cika, ko gaskiyarki ta kai hasken rana, kotu ba za ta saurare ki ba. Kada kuma ki yi lissafi daga ranar da alƙali ya buga hatimi ki ce saura wata goma. Lauyoyin ɗaya ɓangaren za su ce agogon ya fara bugawa tun ranar da kika zauna da ita ta kasa ba ki shawara, ko ranar da kika sa hannu a yarjejeniyar, kuma waɗannan ranaku sun riga hatimin alƙali da makonni ko watanni. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da ƙarar wata mata, a shari'ar Holt da Holley & Steer, wadda ta zargi lauyoyinta da ƙin kawo ƙwararren da zai kimanta kadarori a shari'ar rabuwarta. Ita ta ƙirga daga lokacin da hukunci ya fito. Kotu ta ce asarar ta riga ta same ta tun kafin nan, don haka ta makara. Ko sauraron ainihin kokenta ba a yi ba. Saboda haka ki nemo ranar zamanku na farko da lauyar, ki ɗauka daga nan wa'adinki ya fara.

Wani zai ce miki ai akwai ƙarin shekara uku daga ranar da mutum ya gano ɓarnar. Akwai, da sharaɗin kada a wuce shekara 15 gaba ɗaya. Amma kada ki jingina da wannan bangon. Abin da doka ke dubawa shi ne yaushe kika san abin da ya faru, ko yaushe ya kamata a ce kin sani, ba yaushe ƙawarki ta buɗe miki ido ba. Za su ɗago fom ɗin nan su ce ga fam 430,000 a rubuce, ga sa hannunki a ƙasa, tun shekara biyar da suka wuce. Wataƙila ki ci wannan gardamar, wataƙila ba ki ci ba. Babu dalilin shiga ta alhali ƙofar shekara shida tana buɗe har yanzu.

To, ga tambayarki. Ni ba lauyarki ba ce, kuma ban ga fayil ɗinki ba. Amma a yadda kika zayyana, ina ganin kina da magana mai ƙarfi, kuma zan gaya miki dalili, sannan in gaya miki inda za a soke ki.

Mu fara da fanshon, don mata da yawa a cikinmu ba sa ɗaukarsa dukiya. Gida ana ganinsa, ana shiga, ana kwana. Fansho kuwa lamba ce a takarda, ta mutumin da ba kya son ko jin sunansa. Na yi shekaru ina aikin tafinta a irin waɗannan zama, kuma ba sau ɗaya ba na ga mace da yaro a cinya, ana karanta mata shafi na uku cikin takwas, ta juyo ta ce da ni da Hausa, "Don Allah ki tambaye ta ina zan sa hannu, zan ɗauko yara a makaranta." Idan aka zo kan fansho sai ta kaɗa hannu, "Ya je da abinsa, ni dai a bar mini gidan." Ba wauta ba ce, gajiya ce. Amma shi ya sa ake biyan lauya, don ya ga abin da mai gajiya ba ta gani.

Tun 1 ga Disamba 2000 kotunan Ingila ke da ikon tsaga fansho gida biyu a lokacin rabuwar aure. A yanki wani kaso a zuba shi da sunan matar, ya zama nata halak malak, ko ta sake aure, ko tsohon mijin ya rasu. A wannan shekarar dai, a shari'ar White da White, Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ce babu fifiko tsakanin wanda ya fita nema da wadda ta zauna ta riƙe gida da yara, kuma alƙali ya riƙa auna hukuncinsa da ma'aunin raba-daidai. Ba wai kullum rabi da rabi ake yi ba. Sashe na 25 na dokar aure ta 1973 ya jero abubuwan da ake dubawa: buƙatar kowa, shekaru, tsawon zaman, abin da kowa ke iya samu nan gaba, da kuma yara ƙanana, waɗanda su ake fara dubawa. Amma auren shekara 17, 'ya'ya uku, fanshon da aka tara kusan gaba ɗayansa a cikin zaman auren, ga mata ba ta da nata? Duk lauyan da ya san aikin iyali ya san inda kotu ta saba dosa a irin wannan.

Akwai kuma wani abu. Lambar nan da ya rubuta, ita ce kuɗin da hukumar fansho ta ce za ta lissafa idan za a cire haƙƙin mutum a yau. Fanshon ma'aikatan lafiya na gwamnati ba asusun ajiya ba ne da zai ƙare. Albashi ne da za a riƙa biyansa har ya koma ga Allah, yana ƙaruwa da tsadar rayuwa. Sau da yawa idan mutum zai sayi irin wannan kuɗin shiga a kasuwa, sai ya biya fiye da lambar da ke takarda. Shi ya sa akwai ƙwararrun lissafin fansho da ake ɗauka musamman don shari'ar rabuwa, kuma a 2019 wani kwamitin alƙalai da lauyoyi da masana fansho ya fitar da jagora guda kan wannan batu, wanda ya ja kunne sosai kan musayar gida da fansho ba tare da lissafi ba. Jagoran ya fito kafin ki sa hannu. Lauyarki ba za ta ce ba a san maganar ba a lokacin.

Yanzu takardar da ta ba ki kika sa hannu. Na san ita ce ke hana ki barci, kina ganin kin ɗaure kanki da kanki. Akwai shari'o'i biyu da za a auna taki da su, ɗaya tana gefenki, ɗaya tana gefenta.

Ta gefenta ita ce Minkin da Landsberg, 2015. Matar akanta ce, ta san kuɗi. Ta riga ta je wajen wasu lauyoyi sun gargaɗe ta cewa rabon bai yi mata kyau ba, ta ce ta ji ta gani. Sai ta je wajen wata lauya daban ta ce, ga abin da muka amince, ki rubuta shi yadda kotu za ta karɓa. Daga baya ta yi nadama ta kai ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a'a, an ɗauki lauyar ne don rubutu kawai, ba don shawara ba, kuma halal ne lauya ya karɓi guntun aiki irin wannan, musamman tunda tun 2013 gwamnati ta janye tallafin kuɗin lauya daga yawancin shari'o'in iyali, mutane da yawa ba sa iya biyan cikakken aiki.

Ta gefenki kuwa ita ce Lewis da Cunningtons, wadda Babbar Kotu ta yanke a 2023. Ki saurara ki ji kamar labarinki. Mijin ɗan sanda ne, fanshonsa ya haura fam 500,000 a takarda. Matar ta yarda ta karɓi fam 62,000 a rabu. Lauyoyinta suka ce ba za su iya cewa komai kan adalcin rabon ba tunda babu cikakken bayanin dukiya, suka ba ta takardar wanke kai ta sa hannu. Kotu ta ce wannan takarda ba ta wanke su ba. Abin da suka riga suka sani ya isa su gaya mata ƙarara cewa fanshon nan shi ne babbar kadarar auren, kuma da ta je gaban alƙali da wuya a hana ta kaso mai tsoka a ciki. Aka yanke mata diyyar fam 400,000.

Kada lambar ta ɗauke miki hankali, kowace shari'a da nata. Abin da nake so ki gani shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Me aka ɗauki lauyar ta yi? Wace irin mace ce ta zauna a gabanta, mai ido a buɗe ko wadda ke cikin ruɗani? Me lauyar ta sani a ranar? Taki ta ga fam 430,000 a gefe guda da fam 110,000 a ɗaya gefen, domin ta hannunta fom ɗin ya bi. Ba ta buƙatar wani dogon bincike kafin ta ce, "Hajiya, dakata, kin san abin da kike bari kuwa?" Idan ba ta faɗa ba, akwai magana. Idan kuwa ta faɗa, ta kuma rubuto miki a wasiƙa, ke ce ba ki buɗe ambulan ba, to magana ta canza.

Shi ya sa aikinki na wannan makon shi ne karɓo fayil. Ki rubuta wa ofishin wasiƙa gajera, ta imel, cewa kina son cikakken kwafin fayil ɗinki. Ba sai kin faɗi dalili ba, kada kuma ki zagi kowa ko ki yi barazana. Idan ba su bin ki kuɗi, ba su da hujjar riƙe takardunki. Idan suka yi jan ƙafa, dokar kare bayanan mutum ta ba ki damar neman bayanan da suke riƙe da su a kanki, kuma a ƙa'ida wata ɗaya gare su su amsa. Abin da za a duba a ciki: wasiƙar farko da ta fayyace aikin da suka karɓa, bayanan da lauyar ta rubuta bayan kowane zama, duk wasiƙar da suka aiko miki, da ita takardar wanke kan. Ke ma ki bincika tsohon imel ɗinki da saƙonnin waya. Idan akwai inda tsohon mijinki ke matsa miki ki sa hannu, ko takardar likita da ke nuna halin da kike ciki a lokacin, ki adana. Ki zauna ki rubuta abin da kika tuna na zaman nan biyu, wa ya ce me, tun kafin ki karanta nasu bayanin ya gauraya miki tunani.

Kada ki jira fayil ya iso kafin ki nemi sabon lauya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba lauyan aure za ki nema ba, ba kuma ɗan'uwan nan da ke yi wa jama'armu takardun zama ba, komai kirkinsa. Wanda aikinsa shi ne ƙarar ƙwararru kan sakaci za ki nema. Shafin ƙungiyar lauyoyi ta Law Society yana da wurin neman lauya ta fannin aiki. A zaman farko ki fara da kwanan wata. Idan lokaci ya ƙure, akwai abu biyu da zai iya yi: ya nemi ɗaya ɓangaren su sa hannu a yarjejeniyar tsayar da agogo har a gama tattaunawa, ko ya shigar da ƙarar a kotu don kare wa'adin. Wannan na da muhimmanci domin matakan share fage kafin shari'a suna cin lokaci. Za a aika musu wasiƙar koke, suna da kwana 21 su nuna sun karɓa, sannan wata uku su yi bincike su ba da amsa. Ki lissafa ki ga abin da ya rage a watanninki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ki gaya wa sabon lauyan har abin da ba ya yi miki daɗi. Domin ga inda za a soke ki. Ba ya isa ki nuna ta yi sakaci. Sai kin gamsar da kotu cewa da ta ba ki shawarar da ta dace, da kin bi. Ke da bakinki kin ce Allah-Allah kike a gama. Za su ce ko an faɗa miki, sa hannu za ki yi. Idan a bayanan lauyar akwai inda ta rubuta cewa kin ce ba kya son komai nasa, za a karanta miki shi a gaban alƙali. Ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah: da an ce miki kina barin abin da zai ciyar da ke a tsufanki, da kin tsaya? Idan amsar e ce, ki shirya faɗin dalili. Bayan wannan kuma kotu za ta auna yiwuwar abin da za ki samu da an yi abin da ya kamata, ta ba ki gwargwadon damar da kika rasa, ba duka ba. Za a kuma ce da an ba ki rabin fansho, da wataƙila ba a bar miki gidan gaba ɗaya ba, sai a cire wannan, a cire kuɗin da shari'ar da tsohon mijin za ta ci. Don haka kada ki raba 430,000 biyu ki fara gina gida a zuci.

Sai batun kuɗin shari'a, wanda shi ne ke karya mutane. A Ingila wanda ya faɗi shi ke biyan mafi yawan kuɗin lauyoyin wanda ya ci. Akwai lauyoyin da ke karɓar aiki bisa sharaɗin in ba a ci ba babu biya, amma in an ci za su ɗora ladan nasara, wanda zai iya kai daidai da kuɗin aikinsu, wato kuɗin ya ninka, kuma daga diyyarki zai fita. Akwai inshorar da ake saya don ta rufe kuɗin ɗaya ɓangaren idan an faɗi. Ki sa a rubuta miki dalla-dalla nawa zai rage a hannunki idan an ci, nawa za ki biya idan an faɗi. Wannan karon ki karanta kowane shafi, ki je da wanda kika yarda da shi, yara su jira. Ki kuma duba inshorar gidanki, wani lokaci akwai tallafin kuɗin shari'a a ciki mutum bai sani ba. Abu ɗaya mai daɗi: idan lauya ya yarda ya ɗauki aikinki a kan wannan sharaɗi, alama ce ya ga nama a jikin maganar. Idan uku suka duba fayil suka ƙi, wannan ma amsa ce, ki karɓe ta.

Za ki ji ana ambatar Legal Ombudsman, ofishin da ke sauraron koke kan lauyoyi kyauta. Sai an fara kai koke ga kamfanin lauyoyin, a ba su mako takwas. Amma diyyar da ofishin ke iya bayarwa ba ta wuce fam 50,000, kuma tun Afrilun 2023 wa'adinsa shekara ɗaya ne daga faruwar abin ko daga lokacin da ya kamata mutum ya gane. Kai koke can ba ya tsayar da agogon kotu, sannan idan kika karɓi hukuncinsa na ƙarshe kin rufe wa kanki ƙofar ƙara a kan wannan batu. Ga wadda asararta ƙarama ce hanya ce mai kyau. Ke kada ki bi ta sai sabon lauyanki ya ce ki bi. Ita kuwa SRA, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, ladabtarwa take yi, ba ta biyan diyyar sakaci.

Game da komawa kan shi uban yaran, kada ki sa rai sosai. Yarjejeniyar da alƙali ya amince da ita, wadda ta ce kowa ya kama gabansa, ba a warware ta don lauyan mutum ya ba shi gurguwar shawara. Ana warwarewa idan an yi ƙarya ko an ɓoye dukiya mai tasiri, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'o'in Sharland da Gohil a 2015, inda mazan suka yaudari kotu kan abin da suka mallaka. Gidan Abuja ya kamata a ce yana cikin fom, domin kadarar da ke wajen Ingila ma dole a bayyana ta. Matsalar ita ce ke kin san da gidan, ba a ɓoye miki ba, ga shi kuma an daɗe. Ki faɗa wa sabon lauyan duk da haka. Idan bai buɗe ƙofar mijin ba, zai iya ƙara nauyi a kan lauyar, in har akwai shaidar kin gaya mata ta bar fom ya tafi kotu babu shi. Ki duba ko kin taɓa rubuta mata maganar, ko a bayananta ta ambata.

Saura Yaya. Ban ga laifinsa ba, yana gudun a ce ƙanwarsa ta zama mai jan mutane kotu, yana kuma tunanin zumuncin yara da ubansu. Ki zaunar da shi ki fahimtar da shi cewa ba uban yaran za ki kai ƙara ba. Ofishin da kika biya kuɗi don ya tsare miki haƙƙi za ki tuhuma, kuma ko su ba daga aljihunsu za su biya ba. Doka ta wajabta wa kowane kamfanin lauyoyi a Ingila da Wales inshorar aƙalla fam miliyan 2, wasu miliyan 3, domin irin wannan rana, kuma ko kamfanin ya rufe, inshorar tana ci gaba da rufe ayyukansa na baya har shekara shida. Amma kada ki yi wa Yaya alkawarin cewa maganar ba za ta kai kunnen tsohon mijin ba. Za a iya buƙatar takardun fanshonsa, za a iya neman jin ta bakinsa. Gara manyan yaranki su ji daga gare ki.

Idan kuma abin da ke ransa shi ne halaccin kuɗin a addini, tunda asalin lissafin daga fanshon mijin ya taso, wannan tambaya ce ta gaske, kuma ba ni ce mai fatawa ba. Ku je tare wajen malamin da kuka yarda da iliminsa, wanda ya san yadda rayuwa take a nan, ku faɗa masa komai: shekara 17, aikin da kika bari, abin da aka ba ki bayan saki da abin da ba a ba ki ba, da cewa mai biyan kamfanin inshora ne. Ki yi wannan a cikin makonnin da kike jiran fayil, ba bayansu ba. Neman fayil da ganin lauya ba su wajabta miki shigar da ƙara ba, kina iya fasawa daga baya idan zuciyarki ba ta kwanta ba. Wa'adin ne idan ya wuce ba ya dawowa.

Kin tambaya ko ke kika cuci kanki. Kin yi gaggawa, wannan gaskiya ne, kuma za a faɗa miki shi a fuska idan aka je kotu. Amma kin yi abin da mai hankali ke yi, kin kai takardar wajen wadda ta karanci doka kafin ki sa hannu. Ko ta sauke nauyin da ke kanta, fayil ne zai nuna, ba ni ba, ba ƙawarki ba.

Wani abu na daban kafin in ajiye alƙalami. Ko an ci ko ba a ci ba, shekararki 46, da sauran lokaci. Ki shiga shafin gwamnati ki duba hasashen fanshonki na ƙasa. Ana buƙatar shekara 35 na gudummawa kafin a sami cikakkensa, kuma shekarun da kika yi kina karɓar kuɗin tallafin yara da sunanki, yaro bai kai 12 ba, ana lissafa miki su ko ba ki yi aiki ba. Idan da sunan mijin aka yi rajistar tallafin, ko ba a yi ba sam saboda albashinsa ya yi yawa, ki kira MoneyHelper, ofishin ba da shawara kan kuɗi da fansho, kyauta ne, ki tambaya yadda za a gyara. Ki kuma tabbata wurin aikinki sun sa ki a tsarin fanshon ma'aikata, ba ki cire kanki ba don a ƙara miki 'yan fam a albashi.

Ki tura imel ɗin neman fayil yau, ki rubuto mini idan ya iso.

Antinki